Naman Mai Jan Zare

Duk shekara, ranar layya, Inna takan tafi da ni Mina da buhu biyu da wuƙa. Alhazai sukan yanka rago su ɗauki cinya ɗaya su bar saura a ƙasa, domin naman ya fi ƙarfin masu ci. Kafin azahar jini ya daskare a kan yashi, tumbi ya kumbura, ƙudaje sun cika idanun dabbobin. Nakan toshe hanci da bakin mayafi. Inna kuwa sai ta duƙa tana zaɓen wanda bai daɗe da yankawa ba.

A gidanmu na unguwar Misfala take yanka shi sirara, ta barbaɗa gishiri, ta shanya a saman soro. Kowane yanki sai ta huda shi ta zura jan zare ta ƙulla sau biyu, don kada ya gauraya da na maƙwabta. Ƙarnin yakan shiga komai, har rigar makarantata.

Mai kantin bakin layinmu ne ke saye. Yakan juya naman da tsinke yana yamutsa fuska.

"Hajiya, yanzu ko kyanwa ta ƙoshi da nama. Taimakonki kawai nake yi."

"Sannu da taimako," in ji Inna. "In watan Safar ya kama kuma ka taimaki aljihunka."

Haka kuwa yake yi. Sai ya ɓoye har gari ya watse, nama ya yi wuya, sannan ya naɗe shi a farar takarda ya ce daga Ɗa'ifa aka kawo.

A makaranta benci ɗaya muke zama da wata yarinya Balarabiya 'yar unguwar Zahir, babanta ma'aikacin ofis. Ita kaɗai ke yi mini magana, ni kuma ba na son rasa wannan wurin zaman. Da muka koma bayan aikin hajji, kafin in shiga aji sai in goga ɓawon lemo a hannun riga. Duk da haka ta shinshina.

"Ke, Takruniyya," ta ce da Larabci, tana dariya, da sunan da suke kiran mu baƙaƙen fata da shi, "a mahauta kika kwana?"

Ta sa jakarta a tsakaninmu. Washegari na ƙara yawan ɓawon lemo.

Da aka kwana biyu ƙarnin ya fita, jakar ma ta sauka ƙasa. Wata rana lokacin hutu ta buɗe kwanonta, shinkafa da busasshen nama, ta turo mini.

"Ci ki ji na Ɗa'ifa. Ba irin mushen da mutanenku ke tsinta ba."

A gefen wata tsoka na ga guntun jan zare, da ƙullin nan biyu da Inna ke yi. Na san in na ci na yi shiru, bencin nawa ne.

"Inna ce ta shanya shi," na ce. "A saman soronmu."

Ta dubi zaren. Sai ta tofar da abin da ke bakinta a tafin hannu, ta goge a ƙarƙashin bencin. Na ga maiƙon yana naso a jikin katako.

Ban jira ta sa jaka ba. Na ɗauki tawa na koma bencin baya, wanda ƙafarsa ɗaya ke rawa.