Wa Ke Nan a Gareji?

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman ɗankwalina alhali yana kaina, ba na jin zan manta da Juma'ar da ɓarawo ya durƙusa ya gaida garejinmu. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na yi dariya, wani lokacin kuma dariyar ta ƙare da share ido.

Mu mutanen Ƙanƙara ne. Maigidana a da ɗan ci-rani ne, da an kai amfanin gona gida sai ya saɓa jaka ya yi Kudu, ba mu ƙara ganin ƙeyarsa sai an yi ruwan shuka. Surukata Hajiya, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, ta riga ni gajiya da wannan rayuwa. Ta sayar da shanun huɗarta, aka sayo masa tsohuwar a-kori-kura don ya riƙa ɗauko masara da dawa daga Sheme da Damari. Motar nan ta ga duniya, in ta yi fushi sai an tura take tashi. Amma ni ban taɓa raina ta ba, don ita ta ɗaure mani miji a gida. Ya gina mata gareji a jikin zaure, da babbar ƙofar kwano mai kallon titi, da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa zuwa tsakar gida.

Ana nan sai satar batir ta shigo unguwa. Ɓarawon kuma ba na dare ba ne, ya san abin da yake yi. Sai ranar Juma'a, lokacin da maza suka watse zuwa masallaci, unguwa ta koma ta mata da kaji, sannan yake zagayawa. An kwance na mai injin niƙa, an kwance na motar wani Alhaji da ke bayanmu. Ran nan maigida ya zauna ya tasa tuwo a gaba bai ci ba, ya ce mani, "In aka taɓa motar nan ba ni da abin da zan tashe ta. Sai dai in sake ɗaukar jakata." Na san ba tsoratar da ni yake yi ba. Nan na ce masa gemun maƙwabci ya kama da wuta, mu shafa wa namu ruwa.

Daga nan aka buɗe shawara, kuma wanda duk ya taɓa neman shawara a unguwa ya san ba a rasa malamai. Wani ya ce a ɗauki maigadi. Na ce to, shi maigadin ba ya zuwa Juma'a ne? Aka bar wannan shawara. Wani tsohon abokin marigayi surukina, Bamaguje daga wajen Damari, ya taho takanas da ƙaton kare a igiya, ya ce, "Aradu in wannan na ƙohwar gida, ko ƙuda sai ya yi sallama." Hajiya ta yi masa godiya, ta ba shi fura ya sha, sannan ta ce ita da tukwanenta da buzun sallarta ba za su zauna gida ɗaya da kare ba. Ya koma da abinsa yana dariya. Ƙanen maigida da ke aiki a birni ya bugo waya ya ce kyamara ita ce zamani, a sa ɗaya a gareji ɗaya a tsakar gida, shi ma zai riƙa dubawa daga can ta wayarsa. Nan ne na yi tsalle na dire. Ina daka da ɗaurin ƙirji, ƙanen miji yana kallona daga birni? Ban da haka ma, kyamara ai sai an gama yi maka sata take ba ka labari.

Ƙarshe maigida ya tafi Funtua wajen wani mai sayar da irin waɗannan kaya, ya dawo da shi har gida. Mutumin ya baje kayansa a kan tabarma yana bayani. Akwai wani ɗan abu mai ido da ake mannawa a bango, da ya ga motsi sai ya tada ƙara. Ƙarar ce kala-kala, akwai mai taushi, akwai mai kiran waya, akwai kuma jiniya. Maigidana mutum ne da ko rediyo zai saya sai ya tambayi wadda ta fi ƙara. Ya ce a ba shi jiniyar, wadda za a ji har Mabai. Aka haɗa ta da ɗan faifan sola a kan rufi, aka gwada ta ƙasa-ƙasa, ya yi ta murmushi kamar ya auro sabuwar mota.

Abin da duk muka manta shi ne inda muke zaune. Mu mutanen wannan yanki mun ga abin da muka gani, ƙara a wajenmu ba abin tsayawa tambaya ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Juma'ar farko, maza sun tafi, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai abin nan ya ɓarke. Wallahi ban san lokacin da na watsar da tiren ba. Na suri ƙaramar 'yata na yi waje, na tarar da unguwa ta hautsine. Wata ta fito da kai rabi a tsefe, wata ta goya ɗan maƙwabciyarta ta bar nata, mai ƙosai ta bar kasko a kan wuta ta faɗa gonar masara. Kowa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Maza na sallamewa suka kwaso a guje, wasu da takalman da ba nasu ba. Da aka yi ta maza aka buɗe garejin, sai ga kazar Hajiya ta fito daga ƙarƙashin mota tana kyarkyara, ta saka ƙwai.

Yanzu ne nake ba da labarin ina dariya, amma a ranar babu wanda ya dara. Mai unguwa ya zo da kansa bayan la'asar, ya ce wa maigida, "Malam, batir ɗaya kake tsaro, kana neman ka kashe mana masu hawan jini. A cire abin nan yau." Maigida ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. Da ya dawo ya zauna a bakin garejin ya haɗa kai da gwiwa, na ga jakar Kudu tana yawo a idonsa.

Da mutumin Funtua ya dawo cire jiniyar, ya ce akwai wata dabara in muna so. Akwai wadda ake ɗaukar murya a ciki, irin ta masu tallan maganin sauro a kasuwa, da idon ya ga mutum sai ta yi magana. Zai kuma ɗaga idon sama yadda kaza ba za ta tada shi ba. Maigida ya gyara murya zai yi, ya ce, "Kai ɓarawo, ka kiyaye ni." Aka kunna muka ji, sai ka ce mai roƙon a ba shi hanya. Ni na fara fashewa da dariya.

Hajiya na zaune a kan kujerarta tana jin mu. Ya kamata in gaya muku ko wace ce ita. Ita ce ungozomar unguwar tun ban zo gidan ba. Rabin samarin da ke yawo a layinmu ita ta yanke masu cibi, ita ta yi wa uwayensu wankan jego, kuma babu wanda bai sha dundunta ba yana yaro. In ta yi gyaran murya a zaure, masu gemu ma gyara zama suke yi. Maigidana ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wannan yaron". Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni nan. Wannan yaron ko akuya ba ya iya kora." Ta kai abin bakinta ta ce, "Kai! Wa ke nan a gareji? Ina ganinka hwa!" Mutumin Funtua da kansa sai da ya zabura.

Aka maƙala lasifikar a saman 'yar ƙofar da ke shiga tsakar gida, yadda duk wanda ya ji zai rantse tana tsaye bayan ƙyauren. Saboda kunyar abin da ya faru, ba mu gaya wa kowa ba. Unguwa dai ta san an cire jiniya, ta yi hamdala. Ashe shi ma mai zagayen Juma'a ya ji wannan albishir.

Ba a daɗe ba wata Juma'a ta zo. Maigida ya tafi masallaci, Hajiya ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ni kaɗai ce a gida ina shanya. Sai na ji muryarta ta tsage daga gareji, "Kai! Wa ke nan a gareji? Ina ganinka hwa!" Na ce a raina kazar nan ta koyi tashi sama ke nan. Kafin in ajiye bokiti sai na ji muryar namiji tana rawa, "Ni ne, Hajiya. Ina wuni?"

Na ajiye bokitin. Na lallaɓa na leƙa ta tsagar ƙyaure. Ga kwaɗon babbar ƙofa an ɓalle, ga bakin mota a buɗe, ga wani saurayi na can ƙarshen layinmu, ɗan gidan mai gyaran keke, ya zube ƙasa ya durƙusa, sifanar kwance batir a hannu, kai a sunkuye. Ya ɗan jira bai ji an amsa gaisuwarsa ba, ya muskuta zai tashi. Idon ya ga motsi. "Kai! Wa ke nan a gareji?" Ya koma ƙasa da sauri ya ce, "Wallahi ni ne, Hajiya, ɗan gidan mai keke. Wucewa nike na ga ƙohwa buɗe." Ya sake motsawa, ta sake tambaya. Ya ce, "Don Allah ki yi haƙuri, kada ki hwaɗa ma Baba." Ƙofar titi na bayansa a wangale, babu abin da ya riƙe shi. Amma wanda aka haifa a unguwar nan bai san yadda ake juya wa Hajiya baya tana magana ba, kuma ba ya tashi daga durƙuso sai ta ce tashi.

Ni kuwa tsoro ya riƙe mani ƙafa, dariya ta riƙe mani ciki, na cusa bakin zane a baki. Can sai ga Hajiyar gaske, ta jiyo muryarta daga maƙwabta ta taho da sandarta. Ta tsaya a bakin ƙofar titi, a bayansa, ta ce, "Kai kuma mi kake yi nan?" Ya waiwaya ya gan ta. Waiwayen nan ya tada idon, ta cikin gida ma ta ce, "Ina ganinka hwa!" Ya dubi gaba, ya dubi baya, sifana ta faɗi, ya ɗora hannu biyu a ka yana salati. Ban taɓa ganin ido ya raina fata irin na ranar ba.

Kafin maza su dawo Hajiya ta fara shari'arta. Ta san in ya shiga hannun jama'a a wannan zamani, dukan da zai sha ba na batir ba ne. Ta kama kunnensa ta ja shi zaure, ta ce, "Ni na yanke maka cibi, da hannun nan. Ban yanke shi don ka zama ɓarawo ba." Ya yi ta kuka kamar ƙaramin yaro. Da aka sauko daga masallaci ta aika aka kira ubansa, aka rufe ƙofa, ya faɗi inda ya kai sauran kayan, aka karɓo wa masu su. Sannan ta dubi maigida ta ce, "Tunda ya iya kwance batir, ai ya iya ɗaurawa. Gobe ya bi wannan yaron Sheme ya ɗauki buhu." Maigida ya so ya yi gardama, ta kalle shi, ya haɗiye. Saurayin nan ya yi kaka biyu yana bin motar, daga baya ya tafi Funtua koyon kanikanci. Har ya bar wajenmu bai daina cire takalmi a bakin garejin ba.

Labari ya bazu, kuma tun daga ranar ko kwaɗo muka manta ba mu sa ba, haka muke tarar da kayanmu. Maigida bai ƙara zancen Kudu ba. Jakar ma na mayar da ita ta ajiyar kayan sanyin yara.

Abin da na koya shi ne, in za ka zaɓi abin tsaron gida, kada ka tambayi wanda ya fi tsada ko wanda ya fi ƙara. Ka fara duba su wa za su ji shi, da abin da za su yi in sun ji. Jiniya ta kori unguwa guda ba ta kama kowa ba, muryar tsohuwa ɗaya ta durƙusar da ɓarawo ƙofa na buɗe, don a wajenmu abin da tsoro ya kasa riƙewa kunya na riƙe shi.

Hajiya ta rasu bara waccan, Allah Ya jiƙanta. An sha ba mu shawarar mu canza na'urar, wai an yi sababbi masu kyau, maigida ya ce a bar masa abinsa. Akwai makunnin da ake kashe ta kafin a shiga, ya san inda yake sarai. Amma kullum da safe in zai fita da mota, ina jin sa daga madafa, ba ya kashewa. Sai ta tambaya wa ke nan a gareji, ya ce a hankali, "Ni ne, Hajiya. Ina gida."