Lallen Inna da Ruwan Shago

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki na je ƙauyenmu a ƙasar Katsina na ɗauko Inna, bayan rasuwar mahaifinmu. Kayanta ba su cika akwati ɗaya ba, amma akwai gwangwanin madara da ta rungume tun daga tasha har Agege, da ɗan dashen lalle a ciki. Daga bayan ɗakin mahaifiyarta ta ciro shi. Na ce, "Inna, a Ikko ma fa ana sayar da lalle." Ta yi mini wani kallo kamar na zagi babba, ta ce na kasuwa ba ya kamawa.

Gidan haya muke, tsakar gida duk siminti. Na yanka tsohon duro na cika rabinsa da ƙasa, aka dasa lallen a bayan shagon matata. Ita haifaffiyar Agege ce, Yarbancinta ya fi Hausarta gudu. Tana da ɗan shagon gyaran gashi a ƙofar gida, tana kitso, tana wankin kai, amma abin da ke kawo mata jama'a shi ne rilaksa, man nan da ake shafawa gashi ya miƙe ya kwanta. Ni albasa nake sayarwa a kasuwar Mayil Tuwel, ban san komai a kan gashi ba, sai dai na san warin man nan yana tarar mutum tun daga bakin titi.

Inna ba ta iya ganin ana zubar da ruwa. A ƙauye daga nesa ake ɗebo shi, a Agege kuma wurin 'yan garuwa ake saye, to ita duk ɗaya ne. Da ta ga ruwan wankin kai yana tafiya kwata, sai ta samo bokiti ta kafa kujerarta a ƙofar shago. Ana gama wanke kan mace, ta tara, ta lallaba ta kai wa lallenta. Haka ta samu aikin yi a garin da ba ta san kowa ba, har matan da ke zuwa suka saba gaishe ta da "Mama, ẹ kú iṣẹ́", wato sannu da aiki, tana amsa musu da "Lafiya lau".

Ba a jima ba ganyen ya soma yin rawaya, bakinsa na ƙonewa. Inna ta ƙara masa ruwa, ya ƙara lalacewa. Wata safiya na same ta tsaye a kansa, ta ce, "Ƙasar nan ba ta karɓe shi ba. Da ni da shi, Ikko ba wurinmu ba ne. In ya mutu ka mai da ni gida." Na san halinta, ba ta faɗa ta fasa. Gidan da take nufi kuwa ba kowa a cikinsa, ko mai ɗebo mata ruwa babu.

Matata ce ta gano. Ta ja ni gefe ta ce, "Oga, ba ƙasa ba ce, rilaksa ce. Abin da ke ƙona fatar kai in ya daɗe, ina ga ganye?" Na ce ai da sauƙi, bari in gaya wa Inna ta daina. Ta riƙe mini hannun riga. "Abeg, don Allah kar ka soma. Ka ce mata da hannunta ta kashe abin uwarta? Kuma ni, suruka, in hana ta bokiti?" Ta gwada zubar da ruwan a ɓoye, amma ina, Inna na ƙofa, kunnenta kuma garau yake.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri. Na ce shekara nawa za a yi ana ɓoye-ɓoye a kan itacen da bai kai gwiwata ba? Washegari na dawo daga kasuwa na tarar ta sauke robobin rilaksa daga kantar shagon, ta ba wata ƙawarta mai shago a Ojota. Ta koma sabulun salo da man kaɗanya da kitso zalla. Tunda ba za a iya hana Inna ɗaukar ruwa ba, ta ce, sai a gyara ruwan. Ranar Juma'a da Inna ta tafi gidan suna, muka juye tsohuwar ƙasar duron muka zuba sabuwa da kashin awaki, muna sauri kamar ɓarayi.

Shago ya yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Masu zuwa don rilaksa suka tsallaka titi, wasu har da habaici, wai an mai da saluun ɗakin kaka. Na yi ta mita, ita kuwa sai ta ce da ma duk shekarun nan abin da ya ƙona lallen shi take zubawa a kwatar da yaranmu ke tsallakawa ba takalmi. A hankali wasu suka dawo, yawanci waɗanda gashin gaban goshinsu ya gudu. Yawansu bai kai na da ba, har yau.

Da ruwan sama ya kankama, lallen ya yi toho, sannan ya cika da ganye. Inna ta tsinka, ta shanya, ta daka da kanta. Wata yamma na shigo na ga abin da ban taɓa gani a gidanmu na ƙauye ba: Inna zaune a tabarma, ƙafar matata a kan cinyarta, tana ƙunsa mata. Matata ta rufe fuska da mayafi don kunya, tana ta ƙoƙarin janye ƙafar.

"Zauna, ɗiyata," in ji Inna. "Ruwan shagonki ne ya tashe shi. Tun ina kai masa na san akwai albarka a ciki." Ta ɗago ta dube ni. "Kai kuma ka daina zancen mota, ba inda za ni."

Ni ban taɓa yin zancen mota ba, amma na ce to. Na fita ƙofar gida na tsaya, don idona ya cika, kuma ban so su gani ba. A ranar na san irin matar da Allah ya ba ni. Inna ba ta ƙara maganar komawa ba. A ɗakinta da ke bayan shago ta cika, matata na riƙe da kanta.