Bushon Motar Baba

Da mahaifinmu ya rasu, tsohuwar motarsa mai kai 'yan kasuwa daga Belbeji zuwa Gangara ta faɗo a rabona. Ni malamar makaranta ce, ban san komai a mota ba, kuma bakaniken da na kira ya gane haka tun daga gaisuwa.

Ya shiga ƙarƙashinta zai juye man giya, bai daɗe ba ya fito yana karkaɗe riga.

"Malama, bushon da ake kwancewa a zubar da mai ya cije. Sai na sauke akwatin giyar na tafi da shi Damagaram."

Na dubi goshinsa, ko ɗigon gumi babu. Baba yakan ce akwatin nan na asali ne, irinsa ya yi wuya. In ya tafi, wa zai tabbatar mini shi ne ya dawo?

Na ce ya dakata, na aika aka kira maƙerin unguwarmu, abokin Baba. Tsohon ya kwanta a kan buhu, ya ɗiga kananzir, ya yi ta ƙwanƙwasawa a hankali, sannan ya zura bututun ƙarfe a hannun sufana ya danna. Bushon ya yi ƙara, ya juya. Mai ya zubo baƙi ƙirin, da garin ƙarfe a ciki.

Bakaniken ya ce, "Kin gani? Dama sai an buɗe akwatin."

Na ce, "To, a buɗe shi nan ƙofar gida."

Kwana biyu yana aiki, ina zaune a tabarma ina duba takardun ɗalibai, idona ɗaya a kan hannunsa.