Famfon Kawu Bai Ji Rasuwarsa Ba

Kwana tara bayan rasuwar Kawu, na gangara fadamarsa ta bayan ƙauyen Lafagu ina fargabar shinkafarsa ta bushe. Sai na iske ruwa na malala cikin gonar. Ba kowa, ba ƙarar inji, ba warin fetur. Ga takalmansa a bakin rijiya, inda ya tuɓe su. Na ja da baya.

Na koma gida da sauri wurin matarsa. "Inna, wa ke yi wa Kawu ban-ruwa?"

Ta ce, "Famfon sola ne, ɗana. Rana na fitowa yake tashi da kansa. Kawunka ya kunna shi ranar da ciwo ya kwantar da shi, har yau ba wanda zuciyarsa ta bar shi ya kashe."

Na san ba aljanu ba ne, amma na kasa komawa ni kaɗai. Da ku ne, za ku kashe shi?