Na Bar Baba Shi Kaɗai a Bakin Teku

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da abin nan ya faru, ni mutum ne da ba a gaya wa magana. Ina zaune a Kazaure, ina sayen riɗi da wake a kasuwar Babura ina lodawa Kudu, kuma Allah ya buɗa mini cikin ɗan lokaci, har na soma jin cewa duk abin da na sa hannu sai ya yi kyau. In ana shawara a gidanmu nakan bar kowa ya faɗi tasa, ina gyaɗa kai kamar mai saurare, sannan in tashi in yi abin da na riga na ƙudura tun kafin a zauna. Ƙanwata mai aikin jinya ita kaɗai ke iya duban idona ta ce ban yi daidai ba, saboda haka ita na fi kauce wa.

Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Roni. Tun da mahaifiyarmu ta rasu na yi na yi ya dawo Kazaure ya ƙi, wai ba zai iya barci a inda ba ya jin kukan tumakinsa ba. Shekarar da na biya masa Makka, da ya dawo, bayan Ka'aba babu abin da ya fi ba da labarinsa kamar ruwan da ya hango ta tagar jirgi gab da sauka Jidda. Ya ce bai taɓa zaton Allah ya tara ruwa haka a wuri guda ba, kuma da zai samu, da ya so ya tsaya a bakinsa da ƙafarsa kafin ya bar duniya. Shi da wasa ya faɗa. Ni kuwa na riƙe, domin ina son a ce ni ne ɗan da ya kai ubansa teku. Bayan an gama kaka na tsayar da tafiya tsibirin Zanzibar, saboda na ji ƙasar Musulmi ce, ba za mu sha wahalar masallaci ko abinci ba. Mu uku ne: ni, da matata, da Baba.

Mutumin da ya shirya mana tikiti a Kano ya nuna mini masauki iri biyu a wayarsa. Na farko babban otal ne na shaƙatawa, da ɗakin cin abinci, da ɗakin likita, da ma'aikata ko'ina har bakin ruwa. Na biyu gida ne sukutum da ake ba da haya na 'yan kwanaki, ɗaki uku da kicin da baranda, ƙofar bayansa tana buɗewa kan yashin teku, babu kowa a ciki sai wanda ya kama. Da ƙanwata ta ji, har gida ta zo ta same ni. Ta ce tsoho ne zan kai ƙasar da ba mu jin yarensu, in sauka inda akwai mutane, inda ko tuntuɓe ya yi za a samu mai ɗaga shi. Na nuna mata hotunan otal ɗin, Turawa kwance kusan tsirara a gefen wurin wanka, ga kwalabe a kan tebura, na tambaye ta ko nan take so in zaunar da Baba, mutumin da ko a talabijin ya ga mace ba ɗankwali sai ya sunkuyar da kai. Na ƙara da cewa Baba ba ya cin abincin otal, tuwon dawa ya sani, kuma a gidan haya matata za ta tuƙa masa da hannunta. Maganata akwai gaskiya a ciki. Abin da ban gaya mata ba shi ne, ina ƙaiƙayin in tsaya a ƙofar gidan nan a ɗauke ni hoto, in tura wa abokan kasuwa su ga gida guda na kama a bakin teku. Da za ta tafi ta ce to, amma in yi mata alkawari ba zan bar shi shi kaɗai ba ko na minti ɗaya. Na yi mata alkawarin ina dariya.

Mun isa gidan gab da magariba. Wata mata ta kawo mana makulli, ta nuna mana inda ake kunna fitila da famfo, ta hau babur ta tafi. Gidajen da ke gefenmu duk a rufe suke, irin namu ne na haya, ba baƙi a ciki. Ruwa kuwa ga shi nan dab da katanga, yana dukan yashi yana komawa. Baba ya tsaya a baranda ya daɗe yana tasbihi. Sannan ya juyo ya dafa kafaɗata ya sa mini albarka, irin wadda bai taɓa sa mini a gaban mutum ba. Ban taɓa jin daɗi a rayuwata kamar lokacin nan ba, kuma na raya a zuciyata cewa da ƙanwata tana nan da ta ji kunya.

Da gari ya waye muka gama shan shayi, muka leƙa, babu ruwa. Teku ya janye can nesa, iya ganinka farin yashi ne da 'yan kududdufai nan da can, ruwan ya koma wani siririn layi a ƙarshen gani. Na tsokani Baba na ce teku ya ji labarin mutumin Roni ya iso shi ya sa ya gudu. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai haka rafin garinmu yake yi, in ya tafi kuma sai damina. Na ce haka ne. Wannan kalma tawa ita ce ke hana ni sukuni har yau. Na taɓa ji a makaranta cewa teku yana hawa yana sauka, amma a tunanina abu ne na taku ɗaya ko biyu. Mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani, dam ne da rafi da kududdufi, kuma in ya ja baya watanni yake yi, har a shuka albasa a inda ya bari. Ban san akwai ruwan da zai tafi da hantsi ya dawo da azahar ba.

Mun zo da garin dawa da kuka da daddawa tun daga gida, amma babu mai, babu albasa, babu nama, ruwan sha ma saura kwalba ɗaya. A gidan haya kai ne mai kicin, kai ne ɗan aike. Matata ita ta san abin da za a saya, ni kuma ba zan bar ta ta shiga kasuwar baƙuwar ƙasa ita kaɗai ba. Na ce Baba ya zo mu tafi tare, ya ce ƙafafunsa ba su huce daga zaman jirgi ba, kuma shi ba kasuwa ya zo gani ba. Alkawarin ƙanwata ya faɗo mini a rai, na ture shi. Na ce a zuciyata mene ne zai sami mutum a baranda, cikin gida mai katanga. Muka bar shi a kan kujera da carbinsa, sanye da farar jallabiya.

Kasuwar ta fi yadda aka kwatanta mana nisa, ga ciniki da hannu da ka tunda ba mu jin juna, ga jiran abin hawa. Ba mu dawo ba sai da aka kira azahar. Na shiga da leda a hannu ina kiran Baba, shiru. Kujerar tana nan, takalmansa suna ajiye a jere a bakin matakala kamar yadda yake ajiye su a ƙofar masallaci, ƙofar baya a buɗe. Na fita da sauri. Yashin nan na safe rabinsa ya ɓace, ruwa yana shigowa da gudu kamar an ɓalle dam. Can nesa na hango wani farin abu tsaye a kan ɗan tudun yashi, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Ashe ya taka ne a hankali yana son ya isa inda ruwan ya tsaya ya taɓa shi da hannu, ruwan kuwa ya biyo ta kwari ya zagayo ta bayansa ya datse hanya.

Na zubar da kayan na faɗa ruwa da rigata. Ban iya iyo ba, Baba ma bai iya ba, duk zuriyarmu babu wanda ya iya. Ruwa ya kawo mini gwiwa, ya kawo ƙugu, ya kawo ƙirji, yana fizgar ƙafafuna. Matata tana gudu a bakin yashi tana ihu, tana buga ƙofofin gidajen da babu kowa a ciki. Ina kiran Baba, iska tana maido mini da muryata. Na kai inda nake iya ganin hularsa da gemunsa, ruwa ya riga ya kai masa cinya. Sai na ga ya ɗaga hannun dama yana kaɗa mini shi. A daidai nan wata igiyar ruwa ta rufe ni, na sha na ƙoshi, na rasa ƙasa a ƙarƙashin ƙafata. Da na samu na dafa yashi, baya na yi. Na juya wa mahaifina baya na nufi tudu. Kafin matata ta samo masunta a can ƙarshen ƙauyen su turo kwalekwale, tudun yashin ya nutse. Sai bayan la'asar suka same shi.

Mutanen garin sun yi mana abin da ɗan'uwa zai yi. Bayan hukuma ta gama nata binciken, su suka yi masa wanka da sutura, suka cika sahu a kansa, aka binne shi a maƙabartarsu a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Wani dattijo mai ɗan jin Turanci ya riƙe hannuna har muka dawo. Hanyarmu ta bi ta gaban wani babban otal, irin wanda na ƙi. Ga allo a bakin ruwa an rubuta lokacin da teku zai janye da lokacin da zai dawo, ga jar tuta, ga wani mutum da usur a wuya yana zagawa yana kiran baƙi su fito. Dattijon ya ce aikinsa ke nan tun safe har yamma, domin ko yaron goye a garin ya san lokacin ruwa, baƙo ne kawai ba ya sani. Na tsaya ina kallon mutumin nan da usur ɗinsa har sai da aka ja ni.

Na dawo Roni da jakarsa da takalmansa. Gida ya cika da masu gaisuwa, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare, wasu ma suna cewa ya yi shahada tunda ruwa ne ya ci shi. Na gaya wa kowa cewa da ya ga zan halaka sai ya ɗaga hannu ya kore ni, ya ce in koma. Mutane suka yi ta kuka suna cewa halin uba ke nan. Ƙanwata ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma zarge ni ba. Bayan addu'ar bakwai ta same ni a zaure ta tambaye ni abu ɗaya, ko ina kusa da shi lokacin da ya fita. Na ce ina cikin ɗaki. Ta dube ni, ta ce Allah ya jiƙansa, ta shige. Tun daga ranar muna gaisawa, muna zumunci, amma ba ta sake ba ni shawara a kan komai ba.

Na yarda da ƙaddara, na san ba zai wuce ranarsa ba. Amma ƙaddara ba ta hana ni sanin abin da na yi da hannuna. Na kare idon Baba daga ganin abin kunya, na manta da kare ransa. Na ɗauka keɓewa ita ce mutunci, alhali a baƙon wuri mutanen da kake gudu su ne masu gaya maka abin da ba ka sani ba. Yanzu ko gadar dam ɗin Kazaure zan haye sai na kau da kai, kuma in na hango tsoho da farar riga tsaye a gona daga nesa, sai na tsayar da mota har numfashina ya daidaita.

Don haka nake roƙon duk wanda Allah ya hore wa zai kai iyayensa ko 'ya'yansa hutu bakin teku, musamman mu 'yan Arewa, ya yi tunani kafin ya zaɓi masauki. Gidan haya ba laifi ba ne ga wanda ya san wuri. In ba ka sani ba, sauka inda akwai masu lura, ka nemi ɗaki can gefe in kunya kake ji. In kuwa ka kama gida, kafin ka ajiye jaka nemi ɗan gari ka tambaye shi halin ruwansu, kuma kada ka bar tsoho ko yaro shi kaɗai don albasa da mai. In wani naka ya ja maka kunne, saurare shi ko da ƙaninka ne.

Saura abu guda da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Kun san yadda muke yafito mutum, tafin hannu a ƙasa, ana kaɗawa. Daga nesa, ta cikin ruwa da hasken rana, ba shi da bambanci da yadda ake korar mutum. Na ce wa duniya kora ta Baba ya yi, domin da wannan nake iya cin abinci. Gaskiyar ita ce ban sani ba. Mai yiwuwa kirana yake yi in zo, yana kallona, na juya.