Na Miƙa Jakar Salamatu da Hannuna

Shekara shida ke nan da rasuwar jikata Salamatu. Shekarar da ruwa ya kada katangar gidanmu a Dumega ta tafi jami'a, damina uku bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana huɗu. Ni ban shiga lakkwal ba, ban yi boko ba. Surukata ke rubutawa, ni ke faɗi, kuma na hana ta sassauta ko kalma ɗaya.

Aikin Salamatu takardar tambayoyi ce ta auna zuciyar ɗalibai, a san daɗinsu da ɓacin ransu. Ta zo hutu rai a jagule, wai duk wanda ta ba takardar sai ya cika ta da "lafiya lau".

Na ce, "Ke 'yar boko, wane Ba'are irinmu za ki tsare ya ce miki yana jin tsoro? Ko rumbunsa na cin wuta, lafiya lau zai ce."

"To tsohuwa mai ilimin zaune, yaya zan yi?"

"Bi ta bayan gida. Tambaye shi, jiya tuwo ya shiga? Wa ya yi marmarin gani?"

Wata guda muka yi gindin itacen bedi, tana karantowa ina gyarawa. Ta koma ta gwada, ɗalibai suka buɗe ciki.

Ranar sadakar bakwai malaminta ya zo gaisuwa. Ya sha furata, ya share hawaye, ya roƙi jakar takardunta, wai za a ƙarasa aikin da sunanta. Ni na miƙa masa, da hannun nan. Bara ƙawarta Hamsatu ta kawo littafin da malamin ya buga ta karanta mini. Har tambayar tuwona tana ciki. Sunansa ne a gaba, na Salamatu babu ko a gindi.

Da tana nan, cewa za ta yi, "Kaka, bar shi da Allah." Ita mai sanyi ce. Ni ban yafe ba. An ce in je Lugu wurin 'yan bori a tura masa doguwa, na ƙi. Me zan yi da mahaukaci? Da hankalinsa nake son sa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Cikin waɗanda suka san aikin nan mu uku muka rage. Ga ni. Ga Hamsatu, wadda ta ɓoye takardun farko da rubutun hannun Salamatu, kuma in azumi ya wuce an sha ruwa za mu hau mota tare mu kai su gaban manyansa a jami'a. Na ukun shi ne. Kullum na idar da salla ina roƙa masa tsawon rai, kada mutuwa ta riga ni isa gare shi.