Inda Katafila Ta Tsaya

A shekarar da aka ce ƙananan hukumomi sun samu 'yancin cin gashin kansu, ni ne mai rubuta bayanan zaman majalisa a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin yankin Nguru da Gashuwa. Na yi murna, domin na gaji da rubuta ƙudurorin da ake aikawa babban birnin jiha su mutu a can.

Ƙuduri na farko da muka zartar ba tare da jiran izinin kowa ba shi ne yashe wata hanyar ruwa wadda kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama, ta toshe. Wani dattijo manomin shinkafa ne ya fi kowa nacin kawo kuka. Gonarsa ta ƙafe, kuma ya faɗa a gaban majalisa cewa idan ruwa bai iso a daminar ba, barin garin zai yi.

Muka ɗauko hayar katafila, motar haƙa, da rani. Ta yi ta haƙa har ta kai gindin wata tsamiya, sai direban ya kashe ta. A nan ƙasarmu ta ƙare. Bakin hanyar, inda take ɗebo ruwa daga kogi, ga shi muna hangowa, amma a ƙasar maƙwabciyarmu yake.

Dattijon ya dube ni. "Malam, lalacewa ta yi?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Iyaka ce. Doka ba ta ba mu ikon yin aiki a ƙasar wata hukuma ba."

"To, ɗana, ka je ka karanta wa ruwan dokar. Wataƙila ya tsallako da kansa."

Mun nemi maƙwabtan su ƙarasa, suka ce nasu ƙudurin na gyaran kasuwa ne. Muka nemi jiha, aka amsa mana cewa ai yanzu mu ke da 'yancinmu. Har yau wannan amsa tana ɓata mini rai. An raba iko, amma ba wanda ya tsara yadda hukumomi biyu za su haɗu a kan ruwa ɗaya. Wa'adin haya ya cika, katafila ta tafi.

Ruwa bai iso ba. Dattijon ya koma Gashuwa, gidan 'yarsa. A can na gan shi bara, zaune a rumfar wani mai sayar da shinkafa, ba saye yake ba, ba sayarwa ba.

"Ramin naku yana nan?" in ji shi.

"Yana nan, Baba."

Ban gaya masa kacala ta sake rufe shi ba.